Me Yake Sa Asibiti Ya Daɗe?

Darasi domin marasa lafiya, masu jinya da jama'ar ikilisiya

Wanda ya zo asibitinmu a ƴan shekarun nan ya ga canji tun daga bakin ƙofa. A da malamin rajista yana da babban littafi da biro. Yanzu yana zaune gaban kwamfuta yana ta tambaya: sunanka, sunan mahaifinka, garinku, shekarunka, lambar da ke kan katinka. Ka shiga wurin likita a sake tambayar sunanka. Ka je ɗakin awon jini, a sake tambaya. Wani dattijo ya taɓa ce wa malamin, "Ɗana, ciwo ya kawo ni, ba shari'a ba." Yana da gaskiyarsa, mai ciwo ba ya son dogon zance.

Wani lokaci kuma za ku ga baƙi suna zagaya asibiti da takardu a hannu. Suna buɗe firji, suna leƙa makewayi, suna duba wurin ƙona shara, har su tsaya su yi wa marasa lafiya tambayoyi. Mutane suna cewa, "Waɗannan me suke nema? Ko an yi laifi ne?"

Wannan darasi zai bayyana muku dalilin abubuwan nan biyu, da yadda suka shafi tambayar da ta fi su girma: asibitin nan zai kasance a buɗe ranar da jikokinmu za su buƙace shi?

Labarin katin aro

Wata ranar kasuwa aka kawo wata mata a amalanke. Ta yi ɓari da dare, jini yana ta zuba. Mijinta ya miƙa kati, aka buɗe sunan a kwamfuta, aka ga an taɓa auna jinin mai katin, an rubuta irinsa. Likita ya ce a yi mata ƙarin jini da sauri.

Ƙa'idar ɗakin awo ita ce, ba a ƙara wa mutum jini sai an sake auna nasa a ranar, komai abin da aka rubuta a baya. Da aka auna, sai aka ga irin jininta ya saɓa da na kwamfuta. Mai awo ya ɗauka shi ya yi kuskure, ya sake ɗibar jini ya sake aunawa. Amsa ba ta canza ba. Ungozoma ta sunkuya kusa da matar ta ce, "Yaya, ki gaya mini gaskiya don ranki. Katin nan naki ne?" Matar ta ce, "Na abokiyar zamana ne. Maigida ya ce kada a sake biyan kuɗin sabon kati."

Aka buɗe mata nata katin, aka samo jinin da ya dace da ita, ta kuwa tashi. Amma an ɓata lokaci mai tsada tana zubar da jini. Da an bi abin da ke rubuce ba a sake awo ba, jinin da aka so a cece ta da shi zai iya zama ajalinta.

Ku riƙe abu biyu daga labarin nan. Kwamfuta ta faɗi abin da aka gaya mata ne, ba ta san an yi mata ƙarya ba. Abin da ya kare matar shi ne ƙa'idar da ma'aikaci ya bi, ko da yake ana cikin sauri.

Asibiti ma yana iya mutuwa

Da yawanmu mun san ginin asibiti da aka buɗe da kiɗa da jawabi, bayan ƴan shekaru awaki suke kwana a barandarsa. Ginin bai faɗi ba. Magani ne ya ƙare, ma'aikata suka watse, mutane suka daina zuwa.

Asibiti yana tsaye a kan abu huɗu: magani da kayan aiki, ma'aikata masu sani, kuɗin da za a sake sayen abin da ya ƙare, da amincewar jama'a. Idan ɗaya ya karye, sauran suna bin sa. Mutum ya yi tafiyar wuni guda aka ce masa babu magani, gobe zai tsaya wurin mai tallar ƙwayoyi a kasuwa. Idan mutane suka ragu kuɗi ya ragu, albashi ya makara, ma'aikaci mai kyau ya tafi birni.

Wannan ba sabuwar damuwa ba ce. A shekara ta 1987 ministocin lafiya na ƙasashen Afirka suka taru a Bamako, tare da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF. A lokacin ƙananan asibitoci da yawa ba su da ko ƙwaya ɗaya a kan kanta. Suka shirya cewa maras lafiya zai biya wani abu kaɗan, a tara kuɗin a sake sayo magani, mutanen gari kuma su kafa kwamitin da zai sa ido a kan kuɗin. Daga nan kwamitocin kula da asibiti da kuka sani a garuruwanku suka samo asali. Inda aka riƙe lissafi da gaskiya, magani ya zauna. Inda lissafi ya ɓace, kanta ta sake zama fayau.

Wani zai ce, "Ai asibitin mishan ne, ana aiko musu da kuɗi daga waje." Gaskiya ne akwai ƴan'uwa a wasu ƙasashe da suke taimako, muna kuma gode wa Allah dominsu. Amma taimako yana zuwa yana tafiya, kuma mai bayarwa yana so ya ga inda kuɗinsa ya shiga. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Aikin da kwamfuta take yi

Kwamfuta akwati ce kawai. Abin da ke aiki a cikinta shi ne tsarin da aka zuba mata, wanda ake kira manhaja. Manhajar asibiti kamar babban littafi ɗaya ne wanda malamin rajista, likita, mai awo, mai ba da magani da mai karɓar kuɗi duk suke rubutu a ciki, kowa daga ɗakinsa. Tana yin ayyuka huɗu.

Na ɗaya, tana riƙe tarihin maras lafiya. A yankinmu masu suna ɗaya suna da yawa, a gari guda ana iya samun mutum goma masu suna iri ɗaya da uba mai suna iri ɗaya. Lambar da ke kan katinka kuwa taka ce kai kaɗai. Da ita likita yake ganin awon hawan jininka na bara, maganin suga da kake sha, tiyatar da aka taɓa yi maka, da maganin da ya taɓa sa jikinka ya yi borin jini ko numfashinka ya toshe. Ba sai an sake awon da aka riga aka yi ba, kuɗinka ya huta. Mai tarin fuka yana shan magani wata 6. Idan ranar karɓar maganinsa ta wuce bai zo ba, sunansa yana fitowa, a aika a neme shi kafin ciwon ya dawo da ƙarfin da ya fi na farko.

Na biyu, tana ƙirga magani. Maigida mai hankali ya san dami nawa ya zuba a rumbu, ya san tiya nawa gidansa yake ci a rana, saboda haka tun da rani ya san ko hatsin zai kai kaka. Ɗakin ajiyar magani rumbun asibiti ne. Duk kwalin da ya shigo ana rubuta shi da ranar da zai lalace, duk ƙwayar da ta fita ana cire ta daga lissafi. Idan wani magani ya kusa ƙarewa, kwamfuta tana nunawa tun da sauran lokacin sayowa. Idan wani ya kusa lalacewa, a fara ba da shi kafin sabo. Mun san zazzaɓin cizon sauro yana tsananta daga tsakiyar damina zuwa kaka. Lissafin bara shi ke gaya mana yawan maganin zazzaɓi, ruwan ƙari da jakunkunan jini da za mu tanada kafin ruwa ya ɓata hanya.

Na uku, tana riƙe lissafin kuɗi. Duk wanda ya biya yana karɓar takardar shaida, abin da ya biya kuma yana shiga lissafi nan take. Da yamma kuɗin da ke cikin akwati dole ya yi daidai da abin da kwamfuta ta nuna. Wannan yana kare maras lafiya daga biyan abin da ba a ce ba, yana kare ma'aikacin kirki daga zargi, yana rufe ƙofar jaraba. Har kyauta ma tana buƙatar lissafi. A shekara ta 2006 gwamnatin Nijar ta sa a riƙa duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta a asibitocinta. Uwa ba ta biya, amma maganin da aka ba yaron sayo shi aka yi. Sai asibiti ya rubuta yaran da ya duba, ya aika da takardun, sannan ya nemi a mayar masa da kuɗinsa. Haka asusun taimakon matalauta yake a wurinmu: sai an san abin da ya shigo da abin da ya fita za a iya taimakon gwauruwa ta gaba.

Na huɗu, tana taimakon ƙasa duka. Kowane asibiti yana aika wa hukumar lafiya rahoto: mutum nawa suka zo da ƙyanda, da sanƙarau, da amai da gudawa. Nijar, Najeriya, Ghana da ƙasashe masu yawa suna tara rahotannin nan a wata manhaja mai suna DHIS2, wadda jami'ar Oslo ta ƙasar Norwe take kula da ita. Rahoton ƙidaya ne, ba jerin sunaye ba. Idan masu sanƙarau suka fara yawa a gunduma ɗaya lokacin zafi da ƙura, ƙidayar mako-mako ce take sa a farga a kawo allurar rigakafi.

Abin da kwamfuta ba ta iyawa

Kwamfuta ba ta warkar da kowa. Ba ta taɓa goshin yaro, ba ta jin kukan uwa. Idan aka zuba mata ƙarya, ƙarya za ta mayar. Tana kuma cin kuɗi: wutar lantarki ko faifan hasken rana, batura, gyara, da koyar da ma'aikata. Ƙura da zafi suna lalata ta. Saboda haka ake kwafe abin da ke cikinta a ajiye a wani wuri dabam, ana kuma ajiye takardu a shirye domin ranar da wuta ta ɗauke. Ran da kuka ga an koma ga biro, aiki bai tsaya ba.

Wasu suna tsoron asirinsu zai tonu. Tsoro ne mai dalili. Kowane ma'aikaci yana da kalmar sirri tasa, kuma abin da ya shafi aikinsa kaɗai yake iya buɗewa. Mai karɓar kuɗi ba ya ganin abin da ka gaya wa likita. Ma'aikacin da ya fitar da zancen ciwon wani ya ci amana, kana da iko ka kai ƙararsa wurin shugabannin asibiti.

Su wane ne baƙin nan masu takardu?

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Wanda yake aiki a ɗaki ɗaya shekara goma ba ya ƙara ganin tsagar da ke bango. Shi ya sa asibiti yake buƙatar idon baƙo.

Bincike iri biyu ne. Akwai na gwamnati, wanda yake dole: ba a buɗe asibiti sai da izinin ma'aikatar lafiya, kuma jami'anta suna zuwa dubawa. Akwai kuma tantancewa, inda asibiti yake gayyatar masana daga waje su auna aikinsa da rubutattun ƙa'idodi. Idan ya cika su, a ba shi takardar shaidar inganci ta ƴan shekaru. Idan wa'adin ya cika, a dawo a sake aunawa.

Abin ya fara ne a Amurka. A shekara ta 1918 ƙungiyar likitocin tiyata ta ƙasar ta aika mutane su duba asibitoci 692. Guda 89 kaɗai suka cika ƙa'ida. Ɗaya daga cikin sharuɗɗan shi ne a rubuta cikakken tarihin kowane maras lafiya a ajiye. Ba a haifi kowace ƙasa da asibitoci masu kyau ba, gyarawa aka yi a hankali.

A Afirka ma ana yi. Tun shekara ta 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da tsarin ba ɗakunan awo taurari, daga ɗaya zuwa biyar, gwargwadon yadda suka cika ƙa'ida. Amfanin taurarin shi ne ƙaramin ɗakin awo na karkara ba ya fid da rai. Bana ya sami ɗaya, ya gyara abin da aka nuna masa, baɗi ya nemi biyu.

Ga irin abin da masu tantancewa suke dubawa. Akwai ruwa da sabulu a kowane ɗaki, ma'aikata kuma suna wanke hannu tsakanin maras lafiya da maras lafiya? Ana tafasa kayan tiyata yadda ya kamata, an rubuta rana da sa'a? Allurar da aka yi amfani da ita tana shiga akwatinta a ƙone ta, ko tana zube inda yara suke wasa? Sanyin firjin allurar rigakafi yana tsakanin digiri 2 da 8, ana rubuta shi safe da yamma? Ana auna jini domin ƙanjamau da ciwon hanta kafin a ƙara wa wani? Ana tabbatar da sunan mutum da lambarsa kafin a ba shi magani? Akwai hanyar da maras lafiya zai kai kuka a saurare shi?

Ƙananan abubuwa ne a ido, amma rai yana rataye a kansu. A shekara ta 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da wata ƴar takarda ta tambayoyin da ma'aikatan tiyata za su yi da babbar murya kafin su fara da kuma kafin su gama: wane ne wannan, wane aiki za a yi masa, a wane gefe, an ƙirga auduga da kayan aiki? Aka gwada ta a asibitoci 8 a ƙasashe dabam-dabam, har da na Ifakara a Tanzaniya. Masu mutuwa bayan tiyata suka ragu daga 15 cikin 1,000 zuwa 8 cikin 1,000. Ba sabon inji aka saya ba. Tambaya aka yi. Idan an sake tambayar sunanka a ƙofar ɗakin tiyata, ka tuna da wannan.

Inda abubuwan biyu suka haɗu

Mai tantancewa ba ya karɓar "muna yi" da baki. Zai ce a nuna masa. Mata nawa suka haihu a watan jiya, nawa suka sami matsala? Sau nawa maganin zazzaɓi ya yanke a bara? A littattafan takarda, neman amsar yana cin kwanaki, wani shafin ma gara ta ci. A kwamfuta ana samun ta cikin ɗan lokaci. Shi kuma mai tantancewa yana ɗaukar abin da kwamfuta ta nuna ya je ɗakin ajiya ya ƙirga kwalaye da hannunsa. Ta haka lissafi yake taimakon bincike, bincike kuma yake hana lissafi zama ƙarya.

Ribar tana komawa ga abubuwa huɗun nan da asibiti yake tsaye a kansu. Maganin da bai lalace a kanta ba kuɗi ne da ba a zubar ba. Raunin tiyata da bai yi ruwa ba gado ne da ya samu ga wani, kuma iyali ba su sayar da akuya don ƙarin kwanaki ba. Ma'aikaci yana son zama inda kayan aiki suke a shirye kuma albashi yake zuwa a kan lokaci. Masu taimako da hukuma suna sakin jiki da wanda littafinsa yake a buɗe. Jama'a kuwa suna komawa inda suka ga an kula da su.

Mun san labarin Yusufu a ƙasar Masar, a Littafin Farawa sura 41. Allah ne ya nuna cewa shekaru bakwai na ƙoshi suna zuwa, bakwai na yunwa suna biye. Yusufu bai ce tun da Allah ya faɗa sai a zauna ba. Ya ba da shawara a naɗa masu lura a ko'ina cikin ƙasar, a ware kashi ɗaya cikin biyar na amfanin gona, a ajiye a birane. Da yunwa ta zo, Masar ta ci, baƙi ma suka ci, har ƴan'uwan da suka sayar da shi. Dogara ga Allah da riƙon lissafi ba sa faɗa da juna. Asibiti amana ce da aka ba mu, mai riƙon amana kuwa ba ya gudun a duba shi.

Naka rabon aikin

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ga abin da ya rage gare ka:

1. Ka adana katinka a leda, nesa da ruwa da ɓera. Ka kwafe lambar a wani wuri, ko ka sa a ɗauki hotonta a waya.
2. Kowa da katinsa, har jariri. Kada ka ba da aro, kada ka ara. Idan ba ka da kuɗin kati, ka faɗa a fili a ga yadda za a taimake ka.
3. Ka ba da suna ɗaya kullum, wanda aka fara rubutawa. Idan katin ya ɓata, ka ce ya ɓata a nemo tsohuwar lambarka, kada ka ce ba ka taɓa zuwa ba.
4. Ka gaya wa likita duk abin da ka sha kafin ka zo, na kasuwa da na gargajiya. Ba don a yi maka faɗa ba ne, don kada a haɗa maka abin da ba ya haɗuwa.
5. Ka biya a wurin biya kaɗai, ka karɓi takardar shaida. Wanda ya nemi kuɗi a gefe, ka sanar da shugabanni.
6. Ka dawo ranar da aka ba ka, ko ka ji sauƙi.
7. Idan baƙi masu bincike suka tambaye ka, ka faɗi abin da ka gani, mai daɗi da maras daɗi. Yabon ƙarya ba ya gyara makewayi.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. A labarin katin aro, me ya sa maigidan ya yi abin da ya yi? Da wace hanya jama'a za su taimaki irinsa kafin ranar wahala?
2. Waɗanne abubuwa huɗu ne asibiti yake tsaye a kansu? Wanne ne ya fi rauni a ƙaramin asibitin garinku?
3. Kun san mutanen da ke cikin kwamitin kula da asibitin garinku? Yaushe suka karanta wa jama'a lissafi?
4. A gida, a gona da a baitulmalin ikilisiya, muna yarda a duba lissafinmu?

Addu'a

Ya Ubangiji, kai ne mai warkarwa. Mun gode maka domin wannan asibiti da waɗanda suka yi wahalar kafa shi. Ka ba ma'aikata gaskiya a rubutu da tausayi a hannu. Ka ba mu marasa lafiya haƙuri da faɗin gaskiya. Ka sa ƙofar nan ta kasance a buɗe ga ƴaƴanmu da jikokinmu. Amin.